Taron Tsintsiya Ba Shara: Amsar Wasiƙunku Kan Mitin na Ofis

Wasiƙun wannan watan kusan duk kuka ɗaya suke yi, kukan mitin. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani saura, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba, don kada wani ya shiga uku da ogansa. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya duba ta wani, da wuya ya rasa matsalarsa a ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wata uku ke nan da aka ba ni shugabancin sashenmu, mu 14 ne. Na gaji wani mitin da ake yi duk Litinin da safe, awa biyu cur. Kowa ya faɗi abin da ya yi a makon jiya, a ɗan yi musu, a watse. Mako na zagayowa sai a sake maganganun nan dai. Mutanena sun fara shigowa fuska a murtuke. In soke shi ne, ko yaya zan yi? Daga wani sabon shugaban sashe.

AMSA: Ƙanena, Allah ya taya ka riƙo. Kafin ka soke komai, ɗauko biro mu yi lissafi. Mutum 14 sau awa 2, awa 28 ke nan kowane mako. In aikin awa 8 ake yi a rana, ka ga duk Litinin kana cinye kwana uku da rabi na aikin mutum guda tun rana ba ta take ba. A makonni 50, awa 1,400. Da wani zai kawo maka takarda ya ce ka sa hannu a fitar da albashin awa 1,400, ai sai ka tambaye shi me za a saya. To, tambayar da za ka yi wa wannan mitin ke nan.

Na daɗe ina zaman sakatare a gefen shugabanni iri-iri, masu zafi da masu sanyi, kuma ma'aunina ɗaya ne. In an tashi daga taro, a iya nuna abin da aka yanke, da sunan wanda zai yi shi, da ranar da zai kawo. Zaman da ba a samu waɗannan ba hira ce aka yi a kan albashi. Mitin ɗinka na Litinin ba zai taɓa haifar da su ba, domin an gina shi ne a kan ba da labari. Mutum ɗaya yana karanto abin da ya yi, 13 suna jiran layinsu ya zo, rabinsu suna shirya nasu jawabin a zuci, ba su ma jin mai magana. Labarin abin da aka yi, rubutu ya ishe shi. Kowa ya turo layi biyar ranar Juma'a, a haɗa a wuri ɗaya, mai bukata ya karanta. Abin da ya cancanci a tara mutane dominsa shi ne wanda sai an yi ka-ce-na-ce kafin ya warware: zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, aikin wani da ya tsaya saboda na wani, ko matsalar da kowa yake riƙe da ɓangare ɗaya na amsarta.

Sai ajanda. Yawancin ajandar da nake gani jerin sunaye ce: kasafin kuɗi, ma'aikata, kayan aiki. Me za a yi wa kasafin kuɗin, a gaishe shi? Ka rubuta kowane batu a matsayin tambayar da za a amsa kafin a tashi. Maimakon "kasafin kuɗi", rubuta: "A ayyukan nan uku, wanne za mu ɗage zuwa wata mai zuwa, tunda kuɗin biyu kawai ke hannu?" Tambaya irin wannan ita da kanta za ta gaya maka wa ya kamata ya zo, wace takarda zai riƙo, da kuma lokacin da aka gama. In ka zauna ka kasa fitar da tambaya ko ɗaya, to makon nan ba ka da mitin, ka sallami mutane su yi aikinsu.

Ka kula da jerin batutuwan ma. Wani masanin tarihi ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya ba da wani misali na raha a 1957 wanda duk sakataren kwamiti zai ce a gabansa aka yi. Kwamitin kuɗi ne aka kawo masa batu uku. Na farko kwangilar injin nukiliya ta fam miliyan 10, aka amince cikin minti biyu da rabi, domin kusan babu wanda ya san kanta balle ya tofa. Na biyu rumfar ajiye kekunan ma'aikata ta fam 350, aka yi minti 45 ana gardama kan irin rufin da za a sa. Na uku kuɗin abin sha na zaman wani kwamiti, fam 21 a shekara, nan aka kwashe awa ɗaya da kwata, a ƙarshe ma aka ɗage sai an ƙaro bayani. Mutum yana son ya yi magana a inda ya iya, kuma ƙaramin abu kowa ya iya shi. Saboda haka ka sa babban batu a farko tun kawuna ba su yi zafi ba, ka rubuta mintocinsa a gefe, ƙananan kuwa ka damƙa wa mutum ɗaya ya yanke ya sanar. Wannan layi na ƙarshe da ake rubuta "sauran batutuwa", ni da za a bi tawa da an goge shi. Ta nan ake shigo da rigimar da ba a shirya mata ba, daidai lokacin da kowa ya gaji. Mai batu ya kawo kafin a fitar da ajanda.

Parkinson ɗin nan dai shi ne ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki yakan kumbura har ya cike lokacin da aka ware masa. Ka ba mitin awa biyu, zai ci awa biyu. Ka ba shi minti 45 ka gani. Game da yawan mutane kuma, ga wani lissafin: mutum 5 a ɗaki, hanyoyin magana tsakanin mutum da mutum 10 ne, mutum 14, hanyoyi 91. Shi ya sa babban zama yake rikiɗa ya koma jawabi. Ka kira waɗanda tambayar ta shafa, saura ka aika musu da abin da aka yanke.

Minti biyar na ƙarshe kada ka bari kowa ya taɓa su. A nan za ka karanto da babbar murya: mun yanke kaza, wane zai yi, zuwa ranar kaza. Ka dubi mai sunan ya amsa da bakinsa. Sau da yawa a wannan karatun ne za ka ji wani ya ce, "A'a, ni ba haka na fahimta ba," kuma gara ka ji yanzu da ka ji bayan mako uku.

Amma kada ka shigo da gatari. Akwai waɗanda Litinin ɗin nan ce kawai ranar da suke ganin abokan aikinsu, akwai kuma waɗanda za su ɗauka kana rushe abin da na gabanka ya gina. Ka ce musu gwaji ne na makonni shida, in bai yi ba a sake duba shi. Ka kuma bar zaman kowa da kowa sau ɗaya a wata, gajere.

TAMBAYA: Malam, ni akanta ce, kuma ni ce ƙarama a cikin masu shiga taron manajoji. Daraktanmu shi yake fara faɗin ra'ayinsa, sannan ya ce, "Ko akwai mai ja?" Sai kowa ya yi tsit. Kwanan baya an amince da wani shiri, alhali na san alƙaluman da aka gina shi a kai ba daidai suke ba. Na yi shiru, yanzu abin yana cin raina. Bayan an tashi na ji manajoji biyu a baranda suna faɗin abin da ke zuciyata. Daga wata akanta.

AMSA: Malama, manajojin nan biyu na baranda su suka fi tsaya mini a rai. Ku uku ke nan aƙalla da kuka ga ramin, kowa yana zaton shi kaɗai ya gani.

Ba ke kaɗai ke da wannan rauni ba, kuma an gwada shi. A farkon shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Solomon Asch, yakan zaunar da rukunin mutane ya nuna musu layi ɗaya a kati, da wasu uku a wani katin, ya ce wanne ne tsawonsa ya zo daidai da na farkon. Amsar a fili take. Sai dai duk an haɗa baki da 'yan rukunin su faɗi wadda ba ita ba, in ban da mutum ɗaya da bai san dawan garin ba, kuma shi ake bari sai wajen ƙarshe. Kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan mutane sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Kuma fa a nan babu darakta, babu albashi, babu ƙarin girma. Abin da ya fi amfani a gare ki shi ne abin da ya biyo baya: da aka sa mutum ɗaya tak a rukunin yana faɗin gaskiya, bin jama'ar ya ragu ƙwarai. Murya ta biyu ake jira.

In kina son ki ga inda shirun taro yake iya kaiwa, dubi daren 27 ga Janairu, 1986. An yi taro ta wayar tarho tsakanin hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin kumbon Challenger. Injiniyoyin kamfanin, cikinsu da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba kumbon washegari, domin sanyi yana sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin, kuma ba a taɓa harbawa a sanyin da ya wuce wajen digiri 12 a ma'aunin Selshiyas ba. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi. Shugabannin kamfanin suka nemi minti biyar su keɓe, keɓewar ta kai wajen rabin awa, manajoji huɗu suka yanke a tsakaninsu, suka dawo kan layi suka ce a harba. Aka tambaya ko akwai mai wani ra'ayi daban, ba a ji kowa ba. Da safe aka harba a sanyin wajen digiri 2, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki. Kwamitin binciken da shugaban ƙasar ya kafa ya ɗora laifi a kan zoben, ya kuma ɗora a kan yadda aka yanke shawarar. Ilimin yana cikin taron tun farko. Tsarin zaman ne ya hana shi isa inda ake yanke hukunci.

Da daraktanki ne ya rubuto mini, da na ce masa: Yallaɓai, ka riƙe ra'ayinka sai ƙarshe. Da zarar babba ya nuna inda ya karkata, sauran sun zama 'yan amshi, ko da kuwa bai nufa ba. Ka fara da ƙananan ma'aikata, ka kira su da suna, ka hauro sama. Ka daina tambayar "ko akwai mai ja", domin amsa ta tamkar fito-na-fito ce da kai. Akwai dabarar da wani masani mai suna Gary Klein ya yaɗa a 2007: kafin a amince da shiri, a ce wa mahalarta su ɗauka shekara ta wuce, shirin ya rushe warwas, kowa ya rubuta dalilin rushewar a takarda cikin 'yan mintoci, sannan a bi layi a karanto. Ka ga yanzu mai kawo aibu umarni ya bi, ba tawaye ya yi ba. Rubutawa kafin magana ma ita kaɗai tana aiki, domin abin da mutum ya riga ya rubuta ba ya sauyawa don ya ga fuskar oga.

To amma ke kika rubuto, kuma ba ki da ikon sauya tsarin zaman. Abin da ke hannunki shi ne lokaci da salo. In kin ga takardun kafin taro, ki je wurin mai shirin ko wurin daraktan tun kafin a zauna. Babba yakan karɓi gyara a ofishinsa wanda ba zai karɓa a gaban mutum goma ba. In a cikin taron ne abin ya fito, ki nufi adadin, ki bar mutumin: "Ranka ya daɗe, adadin da ke shafi na uku ya bambanta da wanda ke littafinmu, ko za a ba ni zuwa gobe in daidaita su kafin a sa hannu?" Babu wanda kika ce ya yi kuskure, kuma kin sayi kwana ɗaya. Ki kuma samu ɗaya daga cikin mutanen barandar nan kafin zama na gaba, ku yi alkawari in ɗaya ya ɗaga batu ɗayan zai mara masa.

Wannan shirin da aka riga aka amince kuwa, bakin alƙalami bai bushe ba. Ki rubuta takarda gajera yau: ga adadin da aka yi amfani da shi, ga na gaskiya, ga inda na samo shi, ga abin da bambancin zai jawo. Ki miƙa ta hanyar shugabanki na kusa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aikin da aka ɗauke ki dominsa ke nan.

TAMBAYA: Ina aika takardu kwana uku kafin taro, amma ba mai karantawa. Sai a zo ana yi mini tambayoyin da amsarsu ke shafin farko. Daga wani jami'in tsare-tsare.

AMSA: Malam, ba za su karanta ba, ka daina ɓata ranka. Kamfanin Amazon ya sallama wa wannan hali tun tuni. A 2004 Jeff Bezos, shugaban kamfanin a lokacin, ya hana gabatar da bayani da manhajar PowerPoint a taron manyan jami'ansa, aka koma rubuta bayani cikin cikakkun jimloli, wanda daga baya aka tsayar da shi a shafi shida, kuma a farkon zama kowa ya yi shiru ya karanta, wani lokaci har rabin awa, sannan a buɗe baki. Kai ba ka bukatar shafi shida. Shafi ɗaya ko biyu, minti bakwai na shiru, a sa shi cikin ajanda. Ranar farko za ka ga ana kallon-kallo, daga baya a saba. Ka sa abin da kake nema a yanke a layin farko, tarihin maganar ya biyo baya.

TAMBAYA: Malam, an ɗora mini rubuta rahoton taro. Ina ƙoƙarin kama duk abin da kowa ya faɗa, sai rahoton ya kai shafi tara, kuma duk da haka a zama na gaba sai wani ya ce ba haka ya faɗa ba. Daga wata sakatariya.

AMSA: Sannu abokiyar sana'a. Shafi taran nan su ne suke jawo miki rigimar. Duk jimlar da kika jingina wa mutum kin ba shi abin musu, domin babu wanda yake jin maganarsa a rubuce ya ce ta yi masa daidai. Rahoton taro ba a yi shi don a tuna wa ya burge ba. An yi shi don wanda bai zo ba ya san abin da aka yanke, wanda ya zo kuma ya kasa cewa bai sani ba.

A ƙarƙashin kowane batu ki rubuta abin da aka yanke, da dalili a jimla ɗaya ko biyu, da mai aikin, da wa'adi. Dalilin nan kada ki raina shi, bayan wata shida shi ne zai hana a sake buɗe maganar daga farko. Mai aiki kuma sunan mutum ɗaya ne. In kika rubuta "sashen kuɗi zai duba", babu wanda zai duba. In kika rubuta sunaye biyu, kowa zai jira ɗan'uwansa. "Nan ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ne, ki nemi kwanan wata. In shugaba ya tsallaka batu na gaba ba a faɗi waɗannan ba, kina da damar ɗaga hannu ki ce, "A gafarce ni, me zan rubuta an yanke?" Wannan tambaya na ga ta tsayar da manyan mutane cak, suka gano minti ashirin suka yi ba su yanke komai ba.

Sunan mai magana yana shiga ne in shi ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba, ko in an kaɗa ƙuri'a. Ki fitar da rahoton a ranar ko washegari, tun mutane suna tune. Wanda ya fito bayan mako biyu ya zama tarihi. Sannan a zama na gaba a fara da jerin ayyukan baya, ɗaya bayan ɗaya: an yi, ko ba a yi ba. In mutane suka gane cewa za a kira sunansu a wannan layi, aiki yakan tashi da kansa daren da za a zauna.

Abu ɗaya: in taron na hukumar gudanarwar kamfani ne ko wani zama da doka ta tanadi yadda za a rubuta shi, ki bi tsarin da aka tanada, ki tambayi lauyan ma'aikatarku.

TAMBAYA: Akwai wani dattijo a sashenmu, ya girme ni nesa, ya kuma riga ni aiki. In ya karɓi magana sai ya yi minti goma sha biyar. Ni nake shugabantar zaman, amma ina jin nauyin katse shi. Daga wani mataimakin manaja.

AMSA: Ƙanena, nauyin da kake ji daidai ne, kada ka yar da shi. Sai dai ka tuna sauran mutanen da ke zaune su ma suna da haƙƙi a kanka. Mafita ita ce doka ta katse shi, ba kai ba. Wani injiniyan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, ya fitar da littafin ƙa'idojin taro a 1876 wanda ƙungiyoyi da yawa suke bi har yau, kuma cikin ƙa'idojin akwai cewa mutum ba zai yi magana ta biyu a kan batu ba sai duk mai son yin ta farko ya yi. Ɗauki wannan kaɗai, ka haɗa da minti biyu ga kowa a zagayen farko, ka sanar tun kafin a fara, ka ba wani riƙon agogo. Kai ma dokar ta hau kanka.

Sannan ka same shi shi kaɗai. Sau da yawa mai dogon bayani yana tsoron kada a manta da abin da ya sani ne. Ka ce masa, "Baba, ina so yaran nan su fara faɗin nasu, sannan kai ka gaya mana abin da muka tsallake." Ka ba shi kujerar ƙarshe da girmanta. Kuma ka saurare shi da gaske, domin a cikin minti goma sha biyar ɗin nan galibi akwai minti biyu da babu wanda ya san su sai shi.

TAMBAYA: Mitin ɗin ƙarfe tara sai tara da kwata muke farawa saboda jiran mutane. Shin gaskiya ne in aka yi a tsaye ya fi sauri? Daga wata shugabar ma'aikatan jinya.

AMSA: Hajiya, duk ranar da kika jira wanda ya makara kin hukunta wanda ya zo da wuri, kuma gobe shi ma zai makara. Ki fara ƙarfe tara ko da mutum uku ne, kada ki maimaita wa mai shigowa abin da ya wuce, ya karanta a rahoto. Sharaɗin dai ke ma ki tashi a kan lokaci.

Tsayuwa kuwa gaskiya ce. Wani bincike da Allen Bluedorn da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Missouri, aka buga a 1999, ya nuna taron zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin 100, kuma shawarar da aka yanke a zaune ba ta fi kyau ba. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe suna yin na minti 15 kullum. Ya dace da miƙa aiki da tsara yini. Bai dace da magana mai nauyi ba, kuma ki tanadi kujera ga mai juna biyu, da mai ciwon ƙafa, da wanda ya kwana a tsaye yana aiki.

TAMBAYA: Rabinmu muna ofis, rabi suna shiga ta intanet. Na intanet ɗin suna ƙorafin an mai da su 'yan kallo. Daga wani shugaban ayyuka.

AMSA: Suna da gaskiya, Malam. Na cikin ɗaki suna ganin wanda ya gyara zama zai yi magana, suna raɗa, suna dariya tare. Na kan allo kafin ya buɗe makirufo an wuce wurin. In zai yiwu, kowa ya shiga ta kwamfutarsa, har na ofis, sai a zama daidai. In ba zai yiwu ba, ka fara kowane zagaye da na nesa, ka sa mutum ɗaya a ɗakin ya riƙa lura da wanda ya ɗaga hannu ko ya rubuto saƙo, ka kuma hana a ci gaba da yanke shawara bayan an kashe kira. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona musu rai.

Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, ka ga duniya ta faɗa cikin abin ne kafin ta koyi yadda ake yinsa. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa abubuwan da ke sa taron bidiyo gajiyarwa, ciki har da kallon fuskarka a allo tsawon zaman, da fuskokin mutane dab da idonka, da rashin damar motsawa. Ka nuna wa mutanenka yadda ake ɓoye hoton kai, ka bar mai raunin intanet ya kashe kyamara ba tare da an zarge shi ba, kuma ka bar minti goma tsakanin kira da kira.

TAMBAYA: Ana gayyata ta mitin biyar ko shida a rana, aikina sai dare nake yi. Zan iya ƙin zuwa ba a ce na yi girman kai ba? Daga wani mai zanen gine-gine.

AMSA: Za ka iya, Malam, in ka iya bakinka. Irin aikinka yana son awanni a jere, mitin ɗin rabin awa a tsakiyar safiya kuwa ya raba maka safiyar gida biyu, kowanne bai isa komai ba. Manajan da ya gayyace ka bai san wannan ba, domin shi yininsa dama a yanke yake awa-awa. Ba kai kaɗai ke fama ba: a Janairun 2023 kamfanin Shopify na Kanada ya goge duk wani mitin mai maimaituwa da ya wuce mutum biyu daga kalandar ma'aikatansa, wajen 12,000, ya kuma keɓe Laraba babu mitin, aka ce wanda ya ga lallai ana bukatar nasa ya dawo da shi daga baya.

Kai ba ka da wannan iko, don haka kada ka danna ƙi ka yi shiru. Ka mayar da amsa: "Na gode da gayyata. Wane batu ne ake bukata ta a kai? In na uku ne kawai, zan shigo a lokacinsa, ko in turo bayanina a rubuce kafin a zauna." Yawancin masu gayyata sun sa sunanka ne don kada ka ji an ware ka, za su yarda nan take. Gayyatar shugabanka kuwa ba a mayar da ita haka. Ka ɗauki kalandarka ta makon jiya ka kai masa, tare da jerin zanen da ake jira a hannunka da wa'adin kowanne, ka roƙe shi ya nuna maka mitin ɗin da yake so ka riƙe da waɗanda za ka bari. Ka nemi ya amince maka da safiya biyu a mako da ba za a sa maka komai ba, ka toshe su a kalanda da sunan aikin da za ka yi a ciki, don mai neman gurbi ya ga a cike suke.